Daga Sama Yake Buɗewa

Ni dai tun ina ƙarama ba a san ni da haƙurin gaisuwa ba. Idan Inna ta aike ni maƙwabta aron rariya, kafin matar gidan ta gama tambayar kwanan mutanen gidanmu na riga na sauko da rariyar daga inda take rataye, ina tsaye a bakin ƙofa ina jijjiga ƙafa. Inna takan ce ƙafata ƙaiƙayi take yi. Ban musa ba, don har yau da furfura ta fara leƙo mini, in na zauna a gidan biki sai in ji kamar akwai inda ake jirana.

Da wannan halin na je Kano koyon kwamfuta, a shekarun da Shari'a take sabuwa a bakin kowa. Malamin da ya koya mana gina shafin intanet wani siririn mutum ne mai fama da gyambon ciki, kullum fuskarsa a yamutse kamar mu muka ɗora masa ciwon. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a kusurwar ajin mai nawar tsiya, ita yake kira alƙali. Duk wanda ya gama aikinsa yana murna, sai ya ce ya je ya buɗe shi a gaban alƙali. Can za ka ga ɗalibi ya yi tagumi, furannin da ya zuba wa shafinsa suna fitowa guntu-guntu.

"Wa kika gina wa wannan?" haka yake tambayata. "A ina yake zaune? Wane irin layi ne da shi? Ki fara sanin mai buɗewa kafin ki taɓa komai. Kuma shafi daga sama yake buɗewa, Malama. Abin da mutum ya zo nema, ki sa masa a sama, kada ki sa shi yawo. Kayan da layin talaka ba zai ɗauka ba, sauke su."

Sauran ɗalibai suna jin haushinsa, ni kuwa daɗi nake ji har cikin raina. Ashe akwai sana'ar da rashin haƙuri yake zama ilimi a cikinta.

Na dawo na sami koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, ina zaune wurin Goggona, ƙanwar Baba. Kwamfutocin makarantar a lulluɓe suke da zannuwa saboda babu wuta, don haka a allo nake zana wa yara linzamin kwamfuta da alli. Gidanmu kuma yana wani ƙauye a bayan Garo, ƙasar Kabo. Mu asalinmu masu kiwo ne da suka zauna suka kama noma. Lokacin da nake ba da labari shanun sun ragu ƙwarai, taki ya gagari talaka, albashi sai ya ga dama yake zuwa, fetur kuma a galan ake ganinsa a bakin titi. Wannan matsin ne ya kori Yayana, babban ɗan gidanmu, ya tsallaka hamada zuwa Libiya, inda ya sami aiki a wata gona nesa da gari.

A gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ko Inna ba. In ta kama dole, Baba yakan ce "wancan", Inna kuma ta ce "ɗan'uwanki". Ba sa zama su yi hira da shi, ba sa yabonsa, ba sa nuna sun damu ko ya ci ko bai ci ba, kunya ce da muka gada. Ranar da zai tafi ya durƙusa a gaban Baba yana sallama, Baba yana cire wa wata saniya kaska, ya ce "Allah ya kiyaye" bai ko ɗago ba. Inna ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Ni na raka shi bakin titi ina kuka ina masifa, shi yana ba ni haƙuri.

Bayan tafiyarsa, jin muryarsa sai daga Sallah zuwa Sallah, in ya kira shagon wani ɗan'uwanmu a Kano. Shi ba shi da lambar da za a same shi. Na taɓa buɗe masa akwatin saƙo na intanet, amma irin na lokacin in an daɗe ba a leƙa ba rufewa yake, shi kuwa sai ya jima bai shigo gari ba.

Ana nan sai ƙungiyar mutanen yankinmu, ta 'yan Gwarzo da Kabo mazauna gida da waje, ta ce tana son shafin intanet kamar yadda ta ji wasu garuruwa sun yi. Shugabanta wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, aminin Baba tun suna samari, shi ya yanka ragon sunana. Ya aiko aka kira ni shagonsa, ya ce ga aiki ya samu, 'yar gida za ta yi. Na karɓa da rawar jiki, kuma gaskiya ba don ƙungiya ba. Na ce a raina zan sa wani sashe mai suna Labarin Gida, haihuwa da aure da rashin lafiya da rasuwa, duk wanda yake nesa ya buɗe ya gani. Wanda nake nufi da duk wanda yake nesa mutum ɗaya ne.

Na zana musu fasalin a takarda na kai taron kwamiti. Sallama a sama, Labarin Gida a ƙarƙashinta, sauran abubuwa a gefe, wanda yake so ya latsa. Takardar ta zaga hannu-hannu, kowa ya juya ta ya miƙa wa na kusa. Da ta dawo wurin Alhaji sai ya cire tabarau ya dube ni da tausayi.

"'Yata, ina manya?"

"Suna ciki, Alhaji. In an latsa nan za a gan su."

"A latsa manya? Subhanallahi. Ke in kin shiga gida, kan tukunya kike fara zuwa ko wurin maigida? Mutum ya buɗe abu da sunan garinmu, bai gai da masu gari ba, sai kawai a ce masa wance ta haihu?"

Aka yi dariya, har da ni, don na san na sha kaye. Aka tsara shafin yadda ake tsara zama a wurin ɗaurin aure. Masu sarauta a sama, sai limamai, sai dattawan ƙungiya, sai 'yan kwamiti, kowa da hotonsa da kalmomin gaisuwa da addu'a a ƙarƙashinsa. An fi daɗewa a kan wa zai zo kafin wa fiye da komai. Wani dattijo daga Madadi ya yi fushi ya bar taro saboda an sa shi a bayan wani na Kara wanda ya ce a gabansa aka yi masa kaciya. Labarin Gida ya koma can ƙasa, bayan mutum na ƙarshe.

Na yi wata dabara da har yanzu in na tuna nake dariyar kaina. Lokacin ana ta wa'azi a kan hotuna, sai na bi ta wurin matar wani limami na sa masa magana a kunne, cewa anya ya dace a jera surar mutane haka a gaban duniya? Liman ya ɗauka da zafi, ya yi magana a taro, aka yarda a cire hotuna. Na koma gida ina taka rawa a zuci. Ashe sun yanke cewa maimakon hoto, wani mai kyan hannu zai rubuta sunan kowane babba da tawada, da zayyana kewaye da shi ja da kore da ruwan ɗorawa, a ɗauki hoton rubutun a sa. Zayyanar nan ta fi hotunan nauyi nesa ba kusa ba. Na rage musu girma iya yadda zan iya, sakataren ƙungiya ya ce sunan wani ya dushe, a mayar.

Babu intanet a Gwarzo a lokacin. A gidan Goggo nake aikin in an kawo wuta, in kwafe a faifai, in hau motar Kano ranar Asabar, in sauka Kabuga, in nemi wani kafe na intanet da na saba da shi in ɗora. Da Yaya ya kira da Babbar Sallah, na sa ya nemo biro, na karanta masa adireshin harafi-harafi, ya maimaita mini. Na ce duk ranar da ya shigo gari ya ba mai kafe ya buɗe masa, ya gangara ƙasa. Ya ce to. Ban gaya masa nisan ƙasan ba.

Da bazara Baba ya kwanta. Ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, mutumin da yake yini a tsaye ya koma sai an jingina shi da bango. Muka kai shi asibiti, aka ba shi magani, aka riƙe shi, aka sallamo mu. Likitan ya ja ni gefe ya yi mini maganar da ba na son maimaitawa. A satin na rubuta a Labarin Gida cewa Malam wane na ƙauye kaza ba shi da lafiya, ana neman ɗansa ya zo gida. Na kai Kano na ɗora, ya zauna a wurinsa, a ƙarƙashin manya.

Daga nan zama ya gagare ni. Ina cikin aji sai in tsinci kaina a bakin taga ina kallon hanya. In na je ƙauye in ƙosa in koma Gwarzo ko an aiko da saƙo, in na koma Gwarzo in ƙosa in je ƙauye. Duk motar da ta rage gudu a Garo sai na leƙa cikinta. Goggo ta ce in ban yi hankali ba ni za a kwantar kafin Baba ya tashi. Makonni suka shige, shiru.

Wata Asabar na ce wa mai kafe ya ba ni kwamfutar da ta fi kowace nawa, wadda ba mai son zama a kanta. Na buɗe shafin kamar baƙuwa, na naɗe hannu. Sallama ta fito. Sunan babba na farko ya fara saukowa, zayyanar tana bayyana layi-layi kamar ana saƙa ta. Na biyu. Na uku ya tsaya a rabi, ya yi tunani, ya ci gaba. Na ja shafin ƙasa, babu komai sai fari, domin yadda aka ɗaure sunayen a jere, na ƙasa ba ya fitowa sai na sama sun gama. Ana cikin limamai mintunan da na saya suka ƙare, allon ya rufe. Wannan fa a Kano ke nan. Na zauna ina kallon allon, ina tunanin wani ɗan kafe a bakin hamada, da mutumin da ya yi tafiya mai nisa daga gona ya zo ya zauna a gabansa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban tsaya gida ba, shagon Alhaji na wuce. Na daure na gaishe shi yadda ya kamata, ƙafata tana rawa a ƙarƙashin hijabi. Sannan na roƙe shi ya bari in ɗauko maganar Baba in sa a sama, na ɗan lokaci kawai.

Alhaji yana ƙaunar Baba, wannan ba na shakka, kusan kullum sai ya aika masa da wani abu. Ya ce, "'Yata, ni kaina in don ta ni ce, wallahi sa shi. To amma ba ni kaɗai ba ne. Kin ga abin da aka yi a kan Kara da Madadi. Yau in na ɗora talaka a kan masu gari, gobe wa zan hana? Bari in tara kwamiti, wataƙila a matso da shi bayan limamai."

"Alhaji, ba ya kaiwa limamai."

"To ki je ki tambayi mahaifinki. In ya yarda a sa sunansa a saman na manya, ni zan tsaya miki."

Ya san amininsa. Na je ƙauye na sami Baba a jingine, Inna tana yi masa fifita. Na yi masa bayani a hankali, yadda shafin yake, da inda maganarsa take, da inda nake so in mayar da ita. Ya saurara idonsa a rufe.

"Ni zan hau kan Hakimi?" ya ce. "Da girmana? A ce na rasa kunya a ƙarshen kwanana?"

"Baba, don Yaya ya gani ne."

"Wa ya ce ina neman wani? Wancan yana wurin nemansa, ki bar shi. Jiki da sauƙi."

Raina ya ɓaci har na ji hawaye. Na tashi na fita, na zaga bayan gida wurin turken shanu na tsaya ina huci. Haushin kowa nake ji, Alhaji da kwamitinsa, da Baba, da wannan kunyar tamu da za ta bar mutum ya mutu da ƙishin ɗansa ba zai buɗe baki ya ce a kira shi ba. Na san yana so. Na sha ganinsa in an yi sallama a ƙofar gida yana ɗago kai da sauri, in ya ji muryar wani ce ya mayar.

Ina nan sai ga Inna da ƙwarya, wai ta zo ba maraƙi ruwa, maraƙin da ƙanena ya riga ya shayar. Ta tsuguna ta ba ni baya. Ta daɗe tana shafa wuyan maraƙin.

"Shi wannan abin naki," ta ce, "ta ina kika ce yake fara buɗewa?"

"Daga sama, Inna."

"In mutum ya buɗe, na saman zai fara gani, ko da bai ga sauran ba?"

"Shi zai fara gani."

Ta zubar da sauran ruwan, ta kife ƙwaryar, ta miƙe. Ba ta dube ni ba.

"To ki sa ɗan'uwanki a sama."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta nemi wani abu dominsa ba. Ta koma cikin gida da saurinta kamar wadda ta yi abin kunya.

Washegari ban je makaranta ba. Ana wahalar mai, na daɗe a bakin titin Garo kafin wata motar itace ta tsaya, direban ya ce in shiga gaba tunda da matarsa a ciki. A Kabuga kuma ga dokar da ta hana mata hawa acaɓa, kekuna masu ƙafa uku da aka kawo don mata kuwa an yi musu yawa, kowanne ya zo a cike. Na tsaya, na gaji da tsayuwa, na kama tafiya da ƙafa cikin rana. Ban ma ji nisan ba. Na iske kafe babu wuta, mai shi ya tafi neman man janareto. Na zauna a kan benci, na tashi, na zaga, na dawo, har matar da ke sayar da ruwa a wurin ta ce, "Baiwar Allah, lafiya kuwa?"

Da janareto ya tashi na zauna na buɗe sabon shafi, fari fat, babu launi babu zayyana. Na ce zan rubuta saƙon kai tsaye, amma yatsuna da kansu suka fara da sallama, na bar ta. A ƙarƙashinta na rubuta sunan Yaya cikakke da sunan ƙauyenmu, da manyan baƙaƙe. Sannan na ce: Baba ba shi da lafiya ƙwarai. Ka taho gida yanzu. Ban goge manya ba, ko ɗaya. Na kwashe su gaba ɗaya da jerinsu na mayar shafi na biyu, na sa ɗan layi a ƙasa cewa gaisuwar manyan gari tana nan, a latsa. Na ɗora, na koma kan kwamfutar nan mai nawa na gwada. Kafin in ɗauke hannu daga linzami ya buɗe. Na tuna malamina mai gyambon ciki, na ce da yana nan wataƙila yau ya saki fuska.

Ba a jima ba magana ta dawo gida. Wani ɗan ƙungiya a Legas ya buɗe ya ga babu manya, ya kira wani, wani ya kira sakatare. Dattijon Madadi da na Kara suka shirya a ranar, suka haɗu a kaina. Aka ce 'yar wane ta latse masu gari. Goggo ta ce a kasuwa har nuna ta ake yi.

Alhaji ya zo ƙauye da kansa, a motarsa, fuska a ɗaure. Na tare shi a zaure na durƙusa. Ya ce zai fara duba amininsa tukuna, sannan ya dawo kaina. Ya shiga ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun kaɗa, ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Kin kyauta ke nan?" ya ce. "Kin sa ni a bakin mutane."

"Ka yi haƙuri, Alhaji."

"Mahaifinki ya sani?"

"Bai sani ba."

"Kada ki gaya masa." Ya nufi ƙofa, ya tsaya. "Ki bar shi yadda yake har yaron ya iso, ni zan ji da su. In ya iso, ki ba sakatare kalmar sirrin shafin, kin gama mana aiki."

Na ce to. Ban ji zafin rasa aikin ba a lokacin, sai daga baya, don ina son shafin nan duk da kayan da aka ɗora masa.

Jira ya ci gaba, kuma ya fi na da wuya, domin yanzu ba ni da sauran abin yi. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka ba da Baba ba. Ya daina jingina, sai kwanciya. Kowace Asabar ina zuwa Kano in buɗe shafin in tabbatar yana nan, kamar wani zai sace shi. In kalli sunan Yaya, in rufe, in hau mota in dawo.

Wata ranar Laraba ina aji ina zana linzami a allo, maigadi ya leƙo ya ce ina da baƙo. Na fita na ga wani baƙin mutum a ƙarƙashin darbejiya, ya rame, leɓɓansa sun farfashe, da 'yar jaka a hannu. Sai da ya motsa kafaɗa na gane Yaya ne. Gwarzo ya fara zuwa, bai sauka a Garo ba, saboda yana tsoron ya shiga gida ya tarar da tabarmi a ƙofa. Ya buɗe baki zai gaishe ni, na ga tambayar a idonsa, na san ba zai iya yin ta ba.

"Yana nan," na ce. "Yana da rai. Mu tafi."

A hanya, daga titi zuwa ƙauye, muna ratsa gonaki, ya ba ni labari. Ya ce ya sha buɗe shafin. Duk shigowarsa gari sai ya je, ya zauna ya ga sunayen manyanmu suna fitowa da ado, ya ji daɗi, ya ce lallai garinmu ya ci gaba. Bai taɓa wuce na huɗu ko na biyar ba lokacinsa yake ƙarewa. Shi a zatonsa shafin ke nan, kuma tunda manya suna nan lafiya, kowa ma lafiya. Ranar nan kuwa mai kafe yana gama buga adireshin, kafin ya gyara zama, ya ga sunansa. Ya ce ko kujerar bai ɗumama ba ya fita neman motar da za ta tsallaka da shi.

Muka yi sallama a gida. Inna tana tsakar gida, ta ɗago ta gan shi, ta amsa sallamar kamar ta mai tallan gishiri, ta juya ta shiga madafa. Na ji ƙarar ludayi yana dukan ƙwarya da ƙarfin da damun fura ba ya bukata. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Baba, kansa a ƙasa. Baba yana kwance, fuskarsa wajen bango. Bai juyo ba.

"Sannu da zuwa," ya ce.

"Yawwa, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen can?"

"Suna lafiya."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya zafin wurin?"

"Alhamdu lillahi."

Tsakanin kowace tambaya sai ya tsaya ya nemo numfashi. Ya tambayi masu gonar, ya tambayi abokan tafiya, ya tambayi ruwan can ko yana da daɗin sha. Inna ta fito ta miƙo mini ƙwaryar fura, ta ce, "Kai wa baƙon," ta koma. Na zo na tsaya a bayan Yaya da ƙwarya a hannu, ina jiran su gama in ajiye.

Tambayoyin Baba suka ƙare. Na ɗauka shi ke nan, na sunkuya zan ajiye furar. Sai na ji ya sake cewa, a hankali, fuskarsa har yanzu a bango:

"Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya gajiya?"

Kafaɗun Yaya suka fara rawa, amma muryarsa ba ta karye ba, ya ci gaba da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Baba bai kai kaka ba, kuma iyakar abin da na ji ya faɗa wa ɗansa ke nan har ya bar duniya. Ranar dai ina tsaye da ƙwarya har furar ta kwanta, ruwa ya taso samanta. Ƙafata ko motsi ba ta yi ba. Da ya kai ƙarshe ya sake komawa farko, ni da na kwashe gaisuwar gari guda na tura shafi na biyu, ba abin da nake roƙon Allah sai kada wannan ta ƙare.